Kuniyoshi: Ɗan marinin Japan da ya mayar da taurarin wasa kyanwoyi don kauce wa dokar gwamnati

A shekarar 1842 gwamnatin Japan ta fitar da wata doka da ta jefa masu zane na birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, cikin tsaka mai wuya. Dokar ta haramta bugawa da sayar da hotunan ƴan wasan kwaikwayo da na matan gidajen shaƙatawa, alhali su ne hajar da ta fi tafiya a kasuwa. Ba a jima ba sai aka riƙa ganin hotunan kyanwoyi sanye da tufafin mutane a shagunan birnin, da kifaye masu fuskar ɗan Adam. Duk wanda ya saba zuwa gidan wasa, kallo ɗaya zai yi wa kyanwar ya gane hancin wane ne, idon wane ne. Amma a kan takarda dai kyanwa ce, kuma ba a hana zana kyanwa ba.

Wanda ya fi kowa iya wannan dabara shi ne Utagawa Kuniyoshi, ɗan wani marini, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1861. A zamaninsa an fi saninsa da hotunan mayaƙa da dodanni. A yau kuwa, idan aka ambaci sunansa a Japan, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne kyanwa.

A gidajen Jiratawa da Tibiri, kamar sauran ƙasar Hausa, aikin kyanwa sananne ne: ta tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓeraye, a zuba mata ragowar abinci, a kore ta idan ta matsa kusa da tukunya. Da wuya wani ya ce zai zauna ya zana ta, kamar yadda da wuya a zana matar da ke tsinkar zogale a tsakar gida ko jar akuyar da ke ɗaure a turke. Abubuwa ne da ido ya saba da su har ya daina ganin su. Irin waɗannan abubuwa ne Kuniyoshi ya riƙa zanawa, kuma su suka rufa masa asiri a lokacin da hukuma ta toshe hanyar abincinsa.

Daga marina zuwa gidan malami

An haife shi ranar 1 ga Janairun 1798 a unguwar Nihonbashi da ke tsakiyar Edo, shekara shida kafin fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sunansa na yanka Yoshisaburo. Mahaifinsa, Yanagiya Kichiemon, sana'arsa rinin siliki, kuma tun yana ƙarami yaron yake taimakawa wajen fitar da adon da ake yi wa yadi. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake ɗaure zane kafin a tsoma shi a baba, zai fahimci irin idon da yaro ke samu a wannan wuri. Har ya mutu wannan ido bai bar shi ba. A hotunansa, rigar da mutum ya sa takan ɗauki hankali kamar fuskarsa, wani lokaci ma fiye.

Yana da kimanin shekara 12 wani zane da ya yi ya burge Utagawa Toyokuni, babban mai zanen ƴan wasa na lokacin. A 1811 ya shiga gidan Toyokuni a matsayin almajiri. A 1814 malamin ya ba shi sunan aiki, Kuniyoshi, bisa al'adar gidan ta ɗaukar wani yanki na sunan malami a liƙa wa almajiri. A shekarar ce kuma aka fara buga zanensa a cikin wani littafin labari.

Akwai abu ɗaya da kowane almajiri a gidan ya sani. A 1804, kafin zuwan Kuniyoshi, hukuma ta sa wa shi kansa Toyokuni ankwa a hannu ta tsare shi a gida kwana 50, tare da shahararren mai zanen mata Kitagawa Utamaro, saboda sun zana manyan mutanen tarihi da doka ta hana a taɓa. Ke nan tun daga ranar farko yaron ya san cewa sana'ar da ya shiga tana iya kai mutum gaban alƙali.

Yadda ake buga hoto da katako

Hotunan da ake magana a kansu, waɗanda Japanawa ke kira ukiyo-e, aikin hannu huɗu ne. Akwai ɗan kasuwa mai ɗab'i, wanda ke zuba jari ya kuma zaɓi abin da za a zana. Akwai mai zane, wanda ke zana hoton da baƙar tawada a kan siririyar takarda. Sai masassaƙi, wanda ke manna takardar a kife a kan allon itacen ceri, ya bi layukan da wuƙa yana cire duk inda babu tawada, har zanen ya rage a tsaye kamar hatimi. A nan asalin zanen yake lalacewa, ba ya dawowa. Na huɗu shi ne mai bugawa, wanda ke shafa launi a kan allon, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora.

Kowane launi yana buƙatar nasa sassaƙen. Idan hoto yana da launi goma, sau goma takarda ɗaya za ta hau katako, kuma dole kowane hawa ya faɗa daidai kan na baya, abin da ake tabbatarwa da wasu ƴan alamomi biyu da ake yankawa a gefen allon.

Duk da wannan wahala, hoton ba kayan masu kuɗi ba ne. Ana buga shi ɗaruruwa, kuma farashinsa bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Abin da ya fi kama da shi a nan shi ne kalandar bango da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Kano. Edo tana da mutum kusan miliyan ɗaya, cike da leburori da masu sana'ar hannu da ƴan tireda, kuma su ne masu saye. Saboda haka ne gwamnati ta sa ido. Tun daga 1790 ba a buga hoto sai mai tacewa ya duba zanen ya buga masa hatiminsa.

Shekarun tabarma

Fitowarsa daga gidan malami ba ta zo da sa'a ba. Kasuwar hotunan ƴan wasa tana hannun Toyokuni da babban almajirinsa Kunisada, wanda ya girmi Kuniyoshi da fiye da shekara goma, kuma masu ɗab'i ba su ga dalilin neman sabon hannu ba. Ya shafe shekaru fiye da goma yana samun aiki jefi-jefi. Masu tarihinsa sun ce talauci ya kai shi har ga tallan tsofaffin tabarmin ɗaki da ake kira tatami.

Ƙofa ta buɗe a 1827, yana dab da shekara 30. Wani mai ɗab'i ya ba shi aikin zana jaruman wani tsohon labarin ƙasar Sin da Japanawa ke kira Suikoden, labarin ƴan tawaye 108 da suka fake a wata fadama suna yaƙar azzaluman jami'ai. Kuniyoshi ya ba kowane jarumi takarda guda, ya cika ta da shi tun daga sama har ƙasa, yana kokawa da damisa ko yana fasa ƙofa a ƙarƙashin ruwa. Da yawansu ya lulluɓe jikinsu da jarfa mai siffar macizai da furanni, wato ɗan marini ya mayar da fatar mutum yadi. Hotunan suka karɓu ƙwarai, har ƴan kwana-kwana da masu ɗaukar kaya na Edo suka riƙa zuwa a yi musu irin wannan jarfa a baya. Daga nan sunansa ya zauna a matsayin gwanin zanen mayaƙa.

Yana kuma da kwaɗayin sanin abin da ke waje. A lokacin Japan a rufe take, cikin Turawa ƴan Holan kaɗai aka yarje wa ciniki ta tashar Nagasaki, kuma ta hannunsu littattafai masu hotuna ke shigowa. Kuniyoshi ya tara irin waɗannan hotuna yana nazarin yadda Turawa ke nuna inuwa da nisa. Masu bincike sun gano cewa wani hotonsa na harin dare a wani gidan Edo, tsarin gine-ginensa daga littafin matafiyin Holan Johan Nieuhof ya ɗauko shi.

Gida cike da kyanwoyi

Da hali ya samu, gidansa ya cika da almajirai, ya kuma cika da kyanwoyi. Yakan yi aiki da ƴar kyanwa a cikin ƙirjin rigarsa. A gidan akwai wani ɗan wuri da ya keɓe don tunawa da kyanwoyin da suka mutu, kowace da sunanta a rubuce a kan ɗan allo, kamar yadda mabiya addinin Buddha ke yi wa mamatansu. Idan ɗaya ta mutu, haikalin Ekoin da ke unguwar Ryogoku ake kai ta a binne. Masu tarihinsa suna ba da labarin wani almajiri da aka ba gawar kyanwa da kuɗin binnewa, ya jefa ta a kogi ya kashe kuɗin a yawon dare, kuma da asiri ya tonu malamin ya kore shi.

A ƴan wuraren da ya zana kansa, yawanci ba ya nuna fuskarsa. Ko dai ya juya baya, ko wata takarda ta kare shi. Kyanwoyin da ke kewaye da mutumin su ke sa a gane ko wane ne.

Wannan zama da dabba shi ya bambanta kyanwoyinsa da na sauran. Ba shi ya fara sa kyanwa a hoto ba. Utamaro ya zana ta tana jan bakin zanen mace, kuma a 1857 Hiroshige ya zana wata farar kyanwa zaune a taga tana kallon gonakin shinkafa na Asakusa, hoton da ya shahara har yau. Amma a wurin waɗannan, kyanwa ado ce a gefen hoto. A wurin Kuniyoshi ita ce mai gidan. Ya san yadda take lanƙwasa baya idan ta fusata, yadda take ɗaga ƙafa sama tana lasar ciki, yadda take kwantar da kunne idan an kama ta tana sata. Har ya yi wani hoton kyanwa mai ƙararrawa a wuya, ta kafa ido sama, wanda aka sayar don a manna a ɗaki, da cewar ɓeraye za su gani su ji tsoro.

Dokar Mizuno

Shekarun 1830 sun yi wa Japan tsanani. Daga 1833 aka shiga yunwa ta shekaru saboda sanyi da ambaliya sun lalata shinkafa, mutane da yawa suka mutu, kuma a 1837 wani tsohon jami'i mai suna Oshio Heihachiro ya jagoranci bore a Osaka. Mulki a lokacin yana hannun Shogun, wato shugaban mayaƙa na gidan Tokugawa, shi kuwa sarki yana Kyoto ba shi da iko. Babban mashawarcin Shogun Ieyoshi, wanda za a iya kwatanta shi da waziri, shi ne Mizuno Tadakuni. A ganinsa almubazzarancin mutanen birni ne ya lalata ƙasa, don haka daga 1841 ya shiga kafa dokokin tsuke bakin aljihu da gyaran tarbiyya.

An hana talakawa sa tufafin alfarma. An kwashe gidajen wasan kabuki daga tsakiyar birni aka mayar da su Asakusa, can gefe. An kori babban tauraron wasan, Ichikawa Danjuro na bakwai, daga Edo saboda rayuwar ƙasaita. An sa wa marubuci Tamenaga Shunsui ankwa. Su kuma masu hotuna, bayan haramcin zana ƴan wasa da matan shaƙatawa, an taƙaita musu yawan launi zuwa bakwai ko takwas, an kuma yanke cewa kada hoto ya wuce mon 16, wato ƴan kuɗin tagulla na lokacin. Abin da aka ce su zana shi ne biyayya ga iyaye, da amana ga shugaba, da matan kirki na tarihi.

Kuniyoshi ya yi wa hukuma abin da take so. Ya fitar da jerin hotunan mata masu hikima da na ƴaƴa masu biyayya. A gefe guda kuma ya buɗe wa dabbobin gidansa ƙofa.

Gaskiya ba dokar ce ta koya masa dabarar ba. Tun wajajen 1841 ya fara zana fuskokin taurarin kabuki a siffar kyanwoyi a kan takardun mafici, don raha kawai. Da dokar ta zo, abin wasa ya zama hanyar ci. Ga kyanwoyi suna taka rawar wani sanannen wasa, ga wasu suna shan iska a cikin kwale-kwale, ga wasu suna koyon kiɗa. Tunda ba a rubuta sunan ɗan wasa, tufafi ne ke ba da labari, kuma a nan ɗan marini ya nuna gadonsa. Idan aka matso kusa, sai a ga adon rigar an haɗa shi ne da abubuwan da kyanwa ke so ko take sawa, irin su ƙararrawa da ƙashin kifi da busasshen naman teku.

Bai tsaya kan kyanwa ba. Ya zana jajayen kifayen ado da ake ajiyewa a gida suna tafiya a kan wutsiya, suna riƙe da laima, suna tuƙa kwale-kwale, kuma a ɗaya daga cikin hotunan sun watse a guje saboda kyanwa ta leƙo. Ya zana kunkuru masu fuskokin ƴan wasa. Bayan gobara ta cinye unguwar shaƙatawa ta Yoshiwara, a 1846 ya zana matan unguwar da masu zuwa kallonsu a mazauninsu na wucin gadi, amma kowa a hoton tsuntsun gwara ne sanye da kimono. Ya kuma lanƙwasa jikin kyanwoyi ya rubuta kalmomi da su, harafi bayan harafi, kuma kalmomin sunayen kifaye ne, ciki har da tarwaɗa.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ta Kura da Dila a fadar Zaki, ya san cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa sai an sa ta a bakin dabba. Mawaƙan fada ma da habaici suke isar da abin da ba su isa su faɗa kai tsaye ba, kowa ya gane, ba kuma wanda zai iya kafa hujja.

Gizo-gizon da ya tayar da ƙura

A 1843 ya kusa wuce gona da iri. Mai ɗab'i Ibaya Senzaburo ya fitar da wani hotonsa mai falle uku a kan tsohon labarin jarumi Minamoto no Raiko. Jarumin yana kwance ba shi da lafiya, dogarawansa huɗu suna gadi, biyu daga cikinsu sun shagala da wani wasa mai kama da dara, a bayansu kuma wani ƙaton gizo-gizo ya taso da rundunar dodanni cikin duhu.

Labari ne da kowane yaro a Edo ya sani, kuma mai tacewa ya buga masa hatimi. Amma da hoton ya shiga kasuwa sai mutane suka fara karanta shi ta wata fuska. Suka ce mara lafiyan nan Shogun ne da ke barci ƙasa na lalacewa. Suka lura cewa tambarin da ke rigar ɗaya daga cikin dogarawan ya yi kama da na gidan Mizuno. Dodannin kuwa aka shiga fassara su ɗaya bayan ɗaya, ana cewa wannan mai sana'a kaza ne da doka ta kashe wa kasuwa, wancan kuma mai sana'a kaza. Hoton ya zama abin hira a ko'ina. Da mai ɗab'in ya ga inda abin ya nufa, sai ya janye sauran hotunan daga kasuwa ya lalata allunan. Wasu da suka kwaikwayi hoton suka buga nasu daga baya sun sha hukunci, shi kuwa Kuniyoshi ya tsira, domin babu wani abu a takardar da ba ya cikin tsohon labarin.

A shekarar ce aka sauke Mizuno daga muƙaminsa, kuma mutanen gari suka taru suka yi ta jifan gidansa da duwatsu. Dokokin ba su tafi tare da shi nan take ba, sai dai sun riƙa sassautawa a hankali. A wajajen 1847 Kuniyoshi ya fitar da wasu hotuna da ya yi kamar zanen da yara ke karcewa a bangon rumbu da ƙusa. Layukan a karkace suke kamar na wanda bai iya ba, amma kowace fuska ta wani tauraron kabuki ce, kuma a tsakiyar ɗaya daga ciki ga kyanwa mai wutsiya biyu tana rawa da ƙyalle a ka.

Ba kullum yake tsira ba. A 1853, shekarar da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso gaɓar Japan, ya fitar da hoton wani mai zane na da wanda mutanen da ya zana suke fitowa daga takarda suna rawa. Fuskar mai zanen a rufe take, ga kyanwa a gefensa. Jita-jita ta bazu cewa da manyan gwamnati yake, aka hana sayar da hoton, aka ci shi tara shi da mai ɗab'in.

Zango 53 da matan cikin gida

Hoton kyanwoyinsa da ya fi yawo a duniya ya fito ne a wajajen 1848. Tsakanin Edo da Kyoto akwai babbar hanya mai suna Tokaido, mai tsawon kusan kilomita 500, da zango 53 inda matafiya ke yada zango kamar fataken da. Hiroshige ya yi suna da zana waɗannan zangon a farkon shekarun 1830. Kuniyoshi ya ɗauki sunan kowane zango, da na mafari da na maƙura, ya nemo kalmar da ta yi kama da shi a furuci, ya zana kyanwa tana aikata abin da kalmar ke nufi. Nihonbashi, unguwar da aka haife shi, sunanta ya yi kusa da kalmar da ke nufin sandar busasshen kifi guda biyu, don haka tafiyar ta fara da kyanwa tana jan kifi biyu. Ta ƙare a Kyoto da kyanwa ta danƙe ɓera, domin sunan birnin ya yi kama da ƙarar da ɓeran ya yi. Ko wanda bai ji Japananci ba zai iya zama ya daɗe yana kallo, saboda babu kyanwa biyu da suka yi zama iri ɗaya.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ba a cika magana a kai ba, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Da aka hana zana matan gidajen shaƙatawa, masu zane sun koma ga matan gari, kuma matan Kuniyoshi ba irin na Utamaro ba ne masu lanƙwasa kamar reshe. Nasa masu ƙarfi ne, masu aiki, irin waɗanda ya tashi a cikinsu a unguwar masu sana'a. Suna wanki, suna ɗinki, suna renon yara, suna fama da kyanwar da ta hana su sakat. A 1852 ya yi wani dogon jeri inda kowane hoto ke nuna mace da abin da take ji ko take so a wannan lokaci, a bayanta kuma ɗan ƙaramin hoto na abin da wani lardin Japan ya shahara da samarwa. A ɗaya daga ciki kyanwa ta haye ƙirjin matar ta kafa mata farce, ita kuma ta kauda kai tana jin zafi amma ba ta sake ta ba. Wasu daga cikin ƙananan hotunan na baya ƴarsa Tori ce ta zana su, ta kuma sa hannu da sunanta na aiki, Yoshitori.

Tarihin da hukumomi ke rubutawa ba ya ajiye irin waɗannan abubuwa. Wanda yake son sanin yadda matar ɗan tireda a Edo take ɗaure gashinta, ko irin kaskon wutar da take jin ɗumi da shi, ko inda kyanwa ke kwana idan sanyi ya yi, a waɗannan hotuna masu arha zai gani.

Shekarun ƙarshe

A watan Nuwamban 1855 girgizar ƙasa ta rushe wani babban sashe na Edo, dubban mutane suka mutu. Shekara guda bayan haka ciwon shanyewar jiki ya kama Kuniyoshi, hannunsa ya yi rauni, kuma masana suna ganin alamar hakan a layukan ayyukansa na ƙarshe. Ya rayu har ya ga an buɗe tashar Yokohama ga baƙi, kuma a 1860 ya zana Turawan da ke zaune a can. Ya rasu a gidansa a Edo ranar 14 ga Afrilun 1861, yana da shekara 63, shekara bakwai kafin mulkin Shogun ya faɗi a sauya wa birnin suna zuwa Tokyo.

Ya bar almajirai fiye da 70. Cikinsu akwai Yoshitoshi, wanda ake ɗauka a matsayin babban gwani na ƙarshe a wannan sana'a, da Yoshifuji, wanda ya gaji son kyanwa ya riƙa yi wa yara hotunan wasa cike da su. A 1873 almajiran suka kafa masa dutsen tunawa a wurin ibada na Mimeguri da ke Mukojima.

A Turai sunansa ya daɗe a bayan na Hokusai da Hiroshige, duk da cewa Vincent van Gogh da Claude Monet sun mallaki hotunansa. Masu tara kayan fasaha sun fi son duwatsu da teku, suna ganin raha ba ta kai matsayin fasaha ba. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi masa baje koli a 1961, cikar shekara 100 da rasuwarsa. An sake yin wani babba a Royal Academy da ke Landan a 2009, sannan a Petit Palais da ke Paris a 2015. Matasan da ke karanta manga ko kallon anime a waya za su ga wani abu da suka sani a hotunansa, musamman ƙaton kwarangwal ɗin nan da ya zana a wajajen 1844 yana leƙowa daga bayan labule. Kiran sa uban manga, kamar yadda wasu ke yi, ya yi yawa, amma dangantakar a bayyane take.

Hoton gidansa da ya fi kowane bayani ya fito ne daga hannun wani da ya zauna a ciki. A 1837 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara shida, wanda daga baya ya zama shahararren mai zane Kawanabe Kyosai. Yaron ya yi kimanin shekara biyu a wurinsa. Bayan shekara 50, a 1887, Kyosai ya buga littafi a kan zane da rayuwarsa, ya kuma zana ɗakin kamar yadda yake tuna shi. Almajirai sun yi kaca-kaca da wurin, wasu na kokawa, takardu a warwatse, kyanwoyi suna ta harkarsu a tsakanin mutane. Malamin yana zaune yana nuna wa ƙaramin yaron yadda ake zane, ga kan wata kyanwa ya leƙo daga cikin rigarsa.